Amanar Waƙa a Hannun Waɗanda Suka Rage

A ranar 3 ga Satumba, 2022, dubban mutane suka cika filin Wembley da ke birnin Landan domin halartar wani taro da ƙungiyar kiɗan rok ta Amurka mai suna Foo Fighters ta kira saboda tunawa da makaɗin gangarta, Taylor Hawkins, wanda ajali ya riske shi a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya cikin watan Maris na waccan shekara, yana da shekara 50 a duniya. Aka shafe wajen awa shida manyan mawaƙan Ingila da Amurka suna hawa dandali suna sauka, kowa yana rera waƙoƙin da mamacin ya kaɗa a zamanin rayuwarsa da waɗanda aka san yana ƙauna tun ƙuruciya, har can kusa da tashi ɗansa Shane, yaro ɗan shekara 16, ya zauna a mazaunin uban ya karɓi kiɗan. Shekara talatin kafin wannan, a ranar 20 ga Afrilu, 1992, waɗanda suka rage daga ƙungiyar Queen sun yi irin wannan taro a tsohon filin na Wembley bayan mutuwar mawaƙinsu Freddie Mercury, mutum 72,000 suka halarta, aka kuma zuba abin da aka samu a asusun yaƙi da cutar ƙanjamau.

Wannan kiɗa ba namu ba ne, kuma akwai abubuwa da dama tattare da shi waɗanda tarbiyyarmu da addininmu ba su yarda da su ba, saboda haka kada mai karatu ya zaci kira nake yi a kwaikwayi Turawa cikin shagalinsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne niyyar da ke ƙarƙashin taron, watau cewa mutanen da suka yi shekaru suna sana'a ɗaya da wani, suka ci tare, suka sha wahalar tafiya tare, sun ga cewa bayan ransa akwai wani haƙƙi nasa da ya rataya a wuyansu, wanda ba ya sauka sai sun tsaya gaban jama'a sun kaɗa abin da ya bari da hannuwansu, sun ambaci sunansa, sun kuma amfanar da wasu da ribar. Mu kuwa da muke da mawaƙan da ba su gaza kowa fasaha ba, ina ganin mun yi sakaci da wannan haƙƙi, kuma lokacin gyarawa yana ƙurewa.

Duk wanda ya saba bin hanyar Panshekara zuwa rukunin masana'antu na Challawa a Kano da sassafe, ko da la'asar sakaliya lokacin da masu aikin rana suke fitowa masu aikin dare suke shiga, ya san cewa muryar matattu ba ta yanke ba a wannan wuri. A teburin mai shayi, da cikin manyan motocin da ke jiran lodi a bakin ƙofofin kamfanoni, da wayar leburan da ya jingina da katanga yana jiran a kira sunansa, har gobe Alhaji Mamman Shata ne da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo, Allah Ya jiƙansu. Haka abin yake a Sharaɗa da Bompai. Ba abin mamaki ba ne, domin Ɗan Maraya ya yi wa karen mota waƙa tun zamanin da ba mai ganin yaron mota da mutunci, Shata kuwa ya wasa direbobi da 'yan kasuwa kamar yadda ya wasa sarakuna. Har ila yau akwai wata tsohuwar dangantaka tsakanin wannan wuri da kiɗan, tun da yake kalangun da Shata ya shahara da shi asalinsa kiɗan mahauta ne, daga hannun mahauta kuma fatu da ƙiraga suke fitowa su iso kamfanonin jima na Challawa, ita kanta gangar da fata ake rufe ta.

To, wani zai ce tun da ga muryoyin nan an adana, daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa waya, mene ne kuma ya rage? Amsa ita ce abin da na'ura ta riƙe sauti ne na dare ɗaya, alhali sana'ar kanta tana cikin hannuwa da ƙirazan mutane. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida a fagensu mai daraja, shi ya sa ba su ɗauki mallakar littafi a matsayin ilimi ba sai ɗalibi ya durƙusa ya karɓa daga bakin malami, wanda shi ma ya karɓa daga nasa, har a sami isnadi mai haɗuwa da ijaza tabbatacciya. Ba ina daidaita kiɗa da ilimin addini ba ne, hasha, sai dai hanyar da kowace fasaha take bi ta ƙetare mutuwar mai ita guda ce. Yadda makaɗi yake matse tsirkiyar kalangu a hammata har ganga ta furta sunan mutum, da yadda 'yan amshi suke gane daga numfashin ubangidansu cewa ya kai gaɓa su karɓa, da inda ake sassauta kiɗa domin magana ta fito, duk waɗannan ba a koyonsu daga waya. Lamarin Shata ya fi tsanani, saboda shi ba rubuta waƙa yake yi ba, nan take yake ƙaga ta a gaban jama'a, yana iya rera waƙa ɗaya a wurare uku ta fito da fuska uku, abin da ke riƙe da ita kawai amshi ne da kiɗa. Ashe ke nan rabin waƙar a wurin mutanensa take, su ne kuma muka bari suna tsufa cikin garuruwa ba wanda yake tambayar inda suke.

Magabata suna da tsarinsu na kiyaye wannan amana, watau gado. Musa Ɗanƙwairo a gaban mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya koyi kiɗan kotso, da uban ya kau sai wansa Abdu Kurna ya riƙe ƙungiyar, shi Musa yana Daudun Kiɗi a ƙarƙashinsa kafin ya tsaya da ƙafarsa, har ya zama abin da ya zama a fadar Sardauna da sauran fadoji, ya rasu a 1991. A irin wannan gida mutuwar shugaba ba ta kashe waƙa, domin akwai wanda aka riga aka horar. Amma Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, bai gaji kiɗa ba, hasali ma mahaifinsa bai so ya yi ba. Ƙungiyarsa taron abokan sana'a ce da ya tsinto ɗaya bayan ɗaya, kuma ta wannan fuska ta fi kama da ƙungiyoyin Turawan da na ambata. Ya rasu a asibitin Malam Aminu Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka rufe a ƙasar Sarki Muhammadu Bashar wanda ya sha yi wa waƙa. Ɗan Maraya kuwa, da ya rasu a watan Yuni na 2015, shi kaɗai ne da kuntiginsa, ba ɗan amshi ba makaɗi, saboda haka in ba a sami wanda ya ɗauki wannan ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da gaske ba, sana'ar ta bi shi kabari. Haka nan matan da suka kaɗa wa Hajiya Barmani Choge ƙwarya har rasuwarta a 2013, mutum nawa ne cikin masu sauraronta za su iya kiran sunan ɗaya daga cikinsu?

Masana sun yi nasu ƙoƙarin, Allah Ya saka musu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun wallafa tarihin Shata a 2006. Sai dai talifi yana adana labari ne da kalmomi, ba ya horar da hannu.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne irin rayarwar da ake yi wa waɗannan waƙoƙi a wuraren biki yanzu, inda saurayi zai ɗora karin Shata ko na Ɗanƙwairo a kan fiyano, ya zare sunan wanda aka yi wa waƙar tun asali, ya cusa sunan duk wanda ya taso da kuɗin liƙi a hannu, ya gama ya sauka bai ko ce Allah Ya jiƙan mai ita ba. Wannan cin dukiyar mamaci ne ba da izinin magada ba, kuma ɓata tarihi ne, domin sunayen da ke cikin waɗannan waƙoƙi shaida ne na waɗanda suka yi zamani, da alherin da suka yi, da garuruwan da suka zauna. Mai son ya rera waƙar wani ya rera ta yadda take, ya faɗi mai ita tun kafin ya fara, in kuma ya samu a kanta ya tuna cewa mai ita ya bar iyali.

Na san akwai malaman da za su ce mamaci addu'a yake bukata da sadaka mai gudana, ba kiɗa ba, kuma wannan magana gaskiya ce wadda ba ni da ja a kanta. Saɓanin malamai a kan hukuncin kiɗa daɗaɗɗe ne, ba kuwa a shafin jarida za a yanke shi ba. Ba na da'awar cewa kaɗa kalangu yana kai lada kabari, ba na kuma yarda a haɗa shi da zaman makoki ko a mai da shi wata ibada. Abin da nake faɗa mas'ala ce ta mu'amala tsakanin rayayyu: ga sana'a da al'umma ta amfana da hikimarta shekara da shekaru, ga tsofaffin ma'aikatanta cikin rashi, ga zawarawa da marayu, ga kuma hanyar da za a taimake su da guminsu ba tare da sun miƙa hannu ba. Wanda bai gamsu da kiɗan ba yana iya kai nasa taimakon gidajensu kai tsaye, da ma hakan ya fi.

A kudancin ƙasar nan an riga mu. Da Fela Kuti ya rasu a watan Agusta na 1997, makaɗansa na Egypt 80 ba su watse ba, suka tsaya bayan ɗansa Seun yana ɗan shekara 14, iyalinsa kuma suka kafa taron tunawa da shi na shekara-shekara a Legas. Kano ba ta rasa abin yin haka ba. A Challawa da Sharaɗa da Bompai akwai manyan ɗakunan ajiya da harabobi da suka zama kango tun da rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje suka rufe masaƙu da dama, akwai kuma attajiran da har yanzu injinansu suna juyawa, wasunsu ma sunayen iyayensu suna cikin waƙoƙin nan, da bakin mawaƙi duniya ta san su. Me zai hana masu masana'antu su haɗa kai da hukumar tarihi da al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, su keɓe rana ɗaya a shekara, ko da ranar ma'aikata ce ta 1 ga Mayu, a share harabar kamfani guda, a buɗe ƙofa da rana tsaka ga leburori da direbobi da iyalansu, a nemo waɗanda suka rage daga makaɗa da 'yan amshin Shata da Ɗanƙwairo da Barmani, a zaunar da su a gaba da kalangu da kotso da ƙwarya na gaskiya? Sharaɗina a kai shi ne kowane tsoho ya zo da yaron da yake koya wa, a kira sunan kowannensu a ji, a ɗauki hotonsu da muryarsu a ajiye a jami'a, abin da aka tara kuma a raba shi a fili tsakaninsu da magadan mamatan, a rubuce, da shaidu. Aikin farko shi ne a tura mutum Funtuwa da Daura da Maradun, garuruwan da ke da alaƙa da waɗannan mawaƙa, cikin wannan shekara ya ƙidayo waɗanda suke raye, ya san halin da kowannensu yake ciki.