Kada mu jira sai ciwo ya kayar da mutum

 Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan shekarar karatu. 

Ra'ayina shi ne, mu Hausawan Sabha muna bukatar ma'aikatan lafiya na unguwa daga cikinmu, masu jin Hausa da Larabci, waɗanda za su riƙa bi gida gida suna auna hawan jini da suga tun mutum yana kan ƙafafunsa.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai yi shekara da shekaru yana ɗaukar bulo a wurin gini ko yana ban ruwa a gona, ko ciwon kai babu, rana ɗaya sai ka ji an ce ɓarin jikinsa ya shanye. Suga ma haka yake, a hankali yake cin ido da ƙoda da ƙafa. Binciken da aka yi a Libiya a 2009 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna wajen mutum 40 cikin 100 na manya suna da hawan jini, wajen 16 cikin 100 kuma suna da suga. To mu fa, ai abincin ƙasar nan muke ci: burodi da safe, makaroni da rana, ga shayi mai kumfa zagaye uku, kowane da sukari kamar ba gobe.

Wani zai ce, ba ga babban asibitin Sabha nan ba? Gaskiya ne, amma asibiti wanda ya je yake gani. Magidancin da bai ji ciwo ba, ba zai bar aikin yini ya je ya bi layi ba. Innar da Larabcinta bai wuce na cefane ba, ta yaya za ta yi wa likita bayani? Wanda takardunsa ba su cika ba kuwa, ko fita unguwa sai ya yi tunani biyu. Idan abu ya yi tsanani aka ce sai Tarabulus, tafiyar fiye da kilomita 700 ce, ga kuɗin mota ga na masauki. Wa ke da shi?

Aikin ma'aikacin unguwa ba mai wuya ba ne. Zai auna jini. In ya ga ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ya sake aunawa wata rana, sannan ya raka mutum wurin likita ya yi masa tafinta. Zai auna suga da safe kafin a karya. In ya kai 126, a je a tabbatar a asibiti. Zai tuna wa masu girki cewa gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi ma gishiri ne. Babban aikinsa shi ne komawa. Da yawa cikin iyayenmu da zarar sun ji sauƙi sai su ajiye ƙwaya, alhali maganin hawan jini ba a barinsa sai likita ya ce.

Ba mu za mu fara ba. Tun taron Alma-Ata na 1978 duniya ta yarda a kai lafiya kusa da gidajen mutane. Pakistan ta fara horar da mata masu shiga gidaje a 1994, Habasha ta kafa nata shirin a 2003. A 2020 an fitar da sakamakon wani gwaji a ƙauyukan Bangladesh, Pakistan da Sri Lanka, inda ziyarar irin waɗannan ma'aikata, haɗe da horar da likitoci, ta sa hawan jinin mutane ya sauka fiye da na inda ba a yi ba.

Na san akwai masu cewa, yaro da na'ura a hannu gobe sai ya ce shi likita ne. Wannan tsoro yana kan hanya. Shi ya sa dole a sa masa iyaka: ba ya rubuta magani, ba ya allura, ba ya fitar da sirrin gidan kowa, kuma ma'aikacin jinya na gaske ne zai koya masa ya kuma riƙa duba aikinsa. Masu cewa ciwo da waraka na Allah ne, haka ne wallahi, amma a makarantar nan aka koya mana neman magani ba ya warware tawakkali.

Don haka ina roƙon dattawanmu da hukumar makaranta su zaɓi ɗalibai huɗu da suka sauke, maza biyu mata biyu, don mata su shiga wurin iyayenmu mata. A haɗa kuɗi a sayi na'urar awon jini da ta suga, a nemi ma'aikacin jinya ya horar da su. A fara da awo bayan sallar Juma'a, musamman a watan Sha'aban, don masu suga su ga likita kafin azumi ya kama.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa malamanmu da iyayenmu nisan kwana. Amin.