Sabulun Ruwa: An Koya Mana Haɗawa, Ba A Gaya Mana Dalili Ba

Da wuya ka sami ɗalibi a makarantar nan da bai taɓa haɗa sabulun ruwa a darasin koyon sana'a ba. A ba ka takarda: Texapon kaza, ruwa lita kaza, kala, turare, sai gishiri. Ka tambayi amfanin gishirin, a ce "kauri yake sa wa." To me ya sa in ya yi yawa sabulun ke tsinkewa ya koma tsululu? Nan kowa sai ya yi shiru. Ni a ganina wannan shirun asara ce, musamman gare mu 'yan kimiyya da injiniyanci da ke shirin fita.

Amsar ba wata mai wuya ba ce. Kowace ƙwayar sinadarin sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudunsa. A cikin ruwa sai su dunƙule, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje. Wannan dunƙulen ake kira maisel. Kawunan suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, don haka suna ture juna, dunƙulen ya tsaya kamar ƙwallo. Gishiri yana rage wannan turereniyar, sai kawunan su matso kusa, ƙwallayen su miƙe su zama dogayen zarurruka masu sarƙewa kamar dafaffiyar taliya. Sarƙewar ita ce kaurin. In aka ci gaba da zuba gishiri, zarurrukan su canza fasali, sarƙewar ta sassauta, kauri ya faɗi. Wanda ya san haka, a hankali zai riƙa barbaɗawa yana dubawa. Wanda takarda kawai ya haddace, ranar da aka canza masa kamfanin sinadari jarinsa ne zai bi rariya.

Abin da ya fi burge ni shi ne halin waɗannan zarurruka idan ruwan yana gudu. A zaune, kowanne ya fuskanci inda ya ga dama. Da zarar ka murza shi tsakanin tafukan hannu, wato wani falle na ruwan yana zamewa kan wani, sai su jeru su fuskanci hanyar gudun, su daina riƙe juna, kaurin ya ragu. Shi ya sa shamfu ke zama a tafin hannu bai zube ba, amma ya bazu cikin sauƙi a kai. Zarurrukan kuma suna katsewa su sake haɗuwa da kansu, abin da zaren roba ba ya yi. A wasu haɗe-haɗen ma ruwan kan rabu gida biyu yana cikin gudu, ɓangare ɗaya ya jeru yana sauri, ɗayan yana jan ƙafa. Har yau masana na rubutu a kan wannan.

Shi kansa Texapon mai ƙarfin kashi 70 da muke saya, kiristal ne mai gudana: ƙwayoyinsa a jere suke falle-falle, amma yana malala. Gudajin nan masu taurin kai da yake yi idan ka zuba masa ruwa, wani tsarin jeruwa ne ya shiga kafin ya narke. Irin wannan hali Friedrich Reinitzer ya fara lura da shi a birnin Prag a 1888, lokacin da ya ga wani sinadari yana narkewa sau biyu, da farko ruwa mai duhu-duhu, sannan garai. A 1965 Stephanie Kwolek ta kamfanin DuPont a Amurka ta sami wani ruwa irin wannan, aka tura shi ta ƙananan huduji, ƙwayoyinsa suka jeru, aka sami zaren Kevlar da ake rigar sulke da shi. Fuskar kalkuletarka ma dangin abin ce, sai dai ita lantarki ke jera ta.

Na san abin da za a ce: wannan binciken Turawa ne, na'urar auna kauri tsada gare ta. Gaskiya ne, ba za mu yi gogayya da ɗakunan gwajin Faransa da Jamus ba. Amma sirinji, agogon waya da sikeli mai kyau sun isa ɗalibi ya auna daƙiƙa nawa sabulu ke ɗauka kafin ya tsiyaye a kowane ma'aunin gishiri, ya zana jadawalin hawa da saukar kaurin. Ya maimaita da ruwan famfo da na rijiya, a sanyin hunturu da zafin bazara, tunda zafi ma na taɓa kaurin. Ledar tace haske guda biyu, wadda ake ɓarowa daga fuskar matacciyar kalkuleta, in aka gitta su aka sa Texapon a tsakani, za a ga haske ya ratso, shaidar cewa a jere yake.

Wannan ai firojet ne cikakke, kuma ya fi wanda ake kwafowa daga na 'yan bara ana canza suna. Roƙona ga ƙungiyarmu shi ne ta zauna da shugabannin sassa kafin a raba batutuwan firojet na baɗi, a haɗa masu darasin sana'a da malaman kemistiri a tebur ɗaya. Sakamakon kuma a buga shi a takarda guda da Hausa, a kai wa matan da ke haɗa sabulu a unguwannin da ke kewaye da mu, don su ne ke sayen sinadarin da kuɗin adashinsu.