Yaron Da Zai Zama Likita, A Koya Masa Ɗaga Kai

Jama'a, 'yan'uwana talakawa na ƙasar Zuru, da ku iyaye mata masu awon hatsi da masu manja a kasuwa, yau maganar 'ya'yanku zan yi, ku kasa kunne.

Akwai wani yaro, ɗan wata mai sayar da daddawa, wanda na raka wata makarantar koyon aikin asibiti. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, domin ba ta yi wa kowa laifi ba. Yaron ya ci jarrabawar takarda sarai, saura ganawa da malamai baki da baki, abin da 'yan boko ke kira intabiyu. Uwarsa ta sayar da akuya biyu aka yi kuɗin mota da na masauki. Da aka kira sunansa sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shiga, ya tarad da mutum huɗu a bayan tebur, ya durƙusa. Aka ce ya zauna a kujera, ya ɗosana a bakinta kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Aka tambaye shi dalilin da ya sa yake son wannan aiki, ya kafa ido ƙasa ya ce yana son ya taimaki jama'a. Daga nan bai ƙara ko kalma ɗaya mai kan gado ba. Kafin minti biyar an sallame shi.

A cikin mota muna komowa ne ya gaya mini cewa shekara biyu cur shi ke jinyar kakansa wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Shi ke juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, shi ke wanke shi, shi ke ba shi kunu da cokali. Na ce, don me ba ka gaya musu haka ba? Ya ce ai shi a zatonsa wannan ba maganar makaranta ba ce.

To, laifin wa? Ni dai na ce namu ne, mu iyaye. Tun yaro yana rarrafe muke koya masa in babba yana magana ya sunkuyar da kai, in an tambaye shi ya ce "to" ya yi shiru. Ladabi abu ne mai kyau, ba wanda ya ce a yar da shi. Amma akwai ladabi, akwai tsoro, kuma mun daɗe muna haɗa su a ƙwarya ɗaya. Zamanin En'e talaka ya saba da tuɓe takalmi ya faɗi in ya hango rawani, don in ya ɗaga kai ya san abin da zai biyo baya. En'e ta tafi, amma sunkuyon ya zauna a wuyan jikoki. Ɗan ma'aikaci kuwa wanda ya girma yana musu da ubansa a kan teburin abinci, in ya shiga ɗakin nan sai ya dubi mutane ido da ido ya ba da amsa, ko da rabin abin da naku ya sani bai sani ba. Shi za a ɗauka.

Bari in bayyana muku yadda ƙofar take, don da yawa daga cikinmu muna biyan kuɗi ba mu san abin da muke biya ba. Yaron da ke son zama likita tilas ya fito sakandare da kyakkyawan ci a darasi 5 cikin WAEC ko NECO, watau Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku, fiziks da kemistiri da bayoloji. Sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. A kan kwamfuta ake yinta, darasi 4, maki 400 gaba ɗaya, kuma aikin likita shi ke neman maki mafi yawa. Bayan wannan jami'ar da ya zaɓa takan yi nata tantancewar. An fara wannan a 2005, aka soke shi a 2016, aka komo da shi a 2017. Galibin jami'o'i da takarda ko kwamfuta suke tantancewa, sa'an nan su duba takardun yaro a gabansa. Ganawa baki da baki an fi yinta a makarantun nas da ungozoma da na kiwon lafiya, da kuma wurin neman sikolashif. Ko ta wace hanya yaronku ya bi, wata rana zai tsaya gaban tebur, in ma ba wurin shiga ba to a cikin makarantar, domin ɗalibin likita da baki ake jarraba shi a gefen gadon majinyaci.

Ku sani kuma, doka ta ba ɗan Kebbi rabo. A jami'o'in gwamnatin tarayya kashi 45 cikin 100 na gurabe na waɗanda suka fi maki ne ko daga ina suka fito, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya wajen boko, Kebbi kuwa tana cikinsu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, tana lissafa Kebbi cikin nata yankin. Ga ta jiha a Aliero tun 2006, ga ta tarayya a Birnin Kebbi tun 2013, ga Ahmadu Bello a Zariya wadda ta fara koyar da likitoci a 1967. Amma kowace makaranta akwai iyakar yawan ɗaliban da Hukumar Likitoci ta Nijeriya ta yarda ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Saboda haka rabon nan ba a kai wa mutum gida.

Yanzu bari mu leƙa wata ƙasa mu ga abin da masu tebur ke nema, domin can sun fi mu bayyana shi a fili. A Amurka akwai likitoci iri biyu. Iri na biyu ana sa musu D.O. a bayan suna, amma ba Di'o irin na zamanin Turawa mai bin haraji ba. Asalinsu daga wani likita ne, Andrew Taylor Still, wanda ya buɗe makarantarsa a garin Kirksville cikin jihar Missouri a 1892. Shi kansa ya taɓa kiran kansa maɗori, don da hannu yake gyaran ƙashi da gaɓoɓi. Ya kira hanyarsa ostiyofati, koyarwarsa kuwa ita ce a dubi mutum ɗungurungum, kada a dubi ciwon kaɗai. Yau likitocin nan magani da tiyata iri ɗaya suke koyo da sauran likitoci, sai dai a ƙara musu da aikin hannu, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likita a Amurka a makarantunsu suke. Ba mu da irin makarantar nan a Nijeriya. Kuɗinta dala dubbai ne a shekara, sai mutum ya gama digiri na fari kafin ya nema, ba kuma kowace ke karɓar baƙo ba. In wani ɗan kamasho ya zo ya ce ku sayar da gona zai kai ɗanku can, ku riƙe gonarku.

Abin da ya sa na kawo su shi ne ganawarsu. Ba sa ɗaukar kowa sai sun gana da shi, kuma ba karatun littafi suke tambaya ba, don sun riga sun ga makinsa. Sukan tambaye shi don me yake son irin likitancinsu. Sukan tambaye shi ko ya taɓa bin wani likita ya ga yadda yake aiki, ko ya taɓa zama da marar lafiya, me ya gani, me ya koya. Waɗansu sukan bi tsarin da Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara gwadawa a 2002. A jera ɗakuna, yaro ya shiga kowanne na wajen minti 8, a kowane ɗaki ya tarad da wani mutum dabam da wata matsala dabam, domin kada ra'ayin mutum guda ya yanke masa hukunci. 'Ya'yan Amurkawa sukan yi wata da watanni suna neman asibitin da zai bar su su tura keken majinyata kyauta, don kawai su sami abin faɗi ranar ganawa.

Ku dubi wannan, ku dubi ɗan mai daddawa. Abin da waɗancan ke nema da fitila, shi ya yi shekara biyu a cikinsa. Yaran Ribah da Mahuta da Dirin Daji da Dabai wane ne cikinsu bai taɓa kwana a barandar asibiti yana gadin ɗan'uwa ba? Wane ne bai ga yadda zazzaɓin cizon sauro ke sa jariri suma ba, ko yadda ake ɗora mai naƙuda a babur cikin dare? Ga harshe kuma. Yaronmu yana jin C'lela a gida, ko Fakanci ko Dukanci ko Kambarci, Hausa a kasuwa, Turanci a makaranta. Tsohuwar da za ta zo asibiti daga kan dutse ba da Turanci za ta faɗi inda ke mata ciwo ba. Wannan dukiya ce, amma yaro yana ɓoye ta kamar abin kunya.

Shirin ba ya cin ko kwabo. A sami mutum uku waɗanda yaro ke jin nauyinsu, malamin makaranta, ko nas da ya yi ritaya, ko tsohon soja, waɗanda ba su yi ƙaranci a Zuru ba. A ajiye benci a bayan rumfa in kasuwa ta watse. Yaro ya yi sallama ya shigo da takalminsa, ya gaishe su a tsaye, ya zauna sosai, ya dubi fuskar mai tambaya. A yi masa tambaya da Turanci, ya amsa da ƙarfi yadda na ƙarshen benci zai ji. Ran farko zai yi gumi ya yi in'ina. A sake gobe, a sake jibi. Kada a ba shi amsa ya haddace, domin masu tebur sun ji "ina son in taimaki jama'a" sau dubu, kuma da jin karatun hadda sun gane. A sa shi ya ba da labarin abin da idonsa ya gani, da sunan ciwon, da abin da ya yi da hannunsa. In an tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce bai sani ba. Likitan da ba ya iya faɗin haka shi ke kashe mutane, masu tebur kuwa sun fi kowa sani.

Ga tambaya guda da za ku gwada shi da ita. Mutum ya faɗo daga babur ya karye a ƙafa, ya ce shi ba zai zauna asibiti ba, wurin maɗori za shi. Me za ka ce masa? Yaron da ya ce maɗori jahili ne ya faɗi, domin majinyacin zai tashi ya tafi ba zai komo ba. Wanda ya ce kowa ya yi abin da ya ga dama shi ma ya faɗi. Amsar kirki ita ce ya saurari mutumin ya ji ko kuɗi ne ya gagare shi ko tsoron yankewa ne, ya roƙe shi a ɗauki hoton ƙashin tukuna, ya gaya masa in ƙashi ya huda fata ba aikin ɗori ba ne, kuma in an ɗaure da kara ya ga yatsu sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko ciwo ya ƙi lafawa, to ɗaurin ya tare jini, ya garzayo kafin ƙafar ta ruɓe. Wanda ya iya wannan amsa ya nuna sani, ya kuma nuna ya san mutane. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa iya lallashin wanda ya zo da nasa ra'ayi, ai sana'arku ke nan tun safe har yamma.

Sai takardu. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Ku duba sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a kan NIN da WAEC da JAMB da takardar haihuwa da takardar ƙaramar hukuma. Sunayenmu na gida kowane magatakarda da yadda yake rubuta su, harafi guda kuwa ya isa a ce yaro ya koma gefe. A gyara tun da rani, kada a bari sai ana gobe tafiya. A kuma tashi da kwana ɗaya a hannu.

Na san abin da waɗansu za su ce: duk wannan wahalar banza ce, in ba ka da babban mutum da zai ba ka 'yar takarda ba ka shiga. Ban ce ba a yi ba. Amma tun 2017 duk ɗaukar ɗalibi a jami'a ta na'urar JAMB take bi, yaro yana iya duba sunansa da kansa, kuma gurbin da bai fito can ba gurbin ƙarya ne ko nawa aka biya. Haƙƙinmu ne mu ce kowace makaranta ta kafa makin kowa a allo, na takarda da na ganawa, kowa ya gani. Sai dai ba mu da bakin neman wannan in namu yaran suna shiga ɗaki suna fitowa ba su ce uffan ba. Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, a Birmingham ta Ingila ya yi karatu, lokacin da babu jami'a ko ɗaya a ƙasar nan.

Ku kuma gaya wa yaro tsawon tafiyar tun yanzu, don za a tambaye shi ko ya sani. Shekara 6 ne a jami'a in ba yajin aiki, da shekara 1 ta koyon aiki a asibiti ƙarƙashin manya, kafin bautar ƙasa. Bakwai ke nan, daidai da shekarun golmo da samarin ƙasar nan ke yi a gonar suruki kafin a ba su mata. Wanda kakansa ya yi wancan, kada ya ce wannan ya yi masa tsawo.

Ga likitoci da nas-nas 'yan ƙasar Zuru da ke aiki Sakkwato da Kaduna da Abuja, roƙonmu kaɗan ne. In kun zo gida Uhola ko Kirsimeti ko Salla, ku ba da yamma ɗaya. Ku zauna a bencin nan ku yi wa yara goma tambaya irin wadda aka yi muku. Ɗan mai daddawa yana nan, zai sake nema, kuma uwarsa ta ce saura akuya ɗaya.