Rarrabe Aya da Tsakuwa a Awon Motsin Ƙasa

Masana awon ƙasa sun kafa na'urorin GPS a bisa duwatsu a sassa da yawa na duniya, domin gano yadda manyan falalen da ke ɗauke da doron ƙasa suke gogayya da juna, wadda ita ce sanadin girgizar ƙasa. Na'urar tana iya gane gusawar da ba ta wuce 'yan milimitoci ba. To, amma tana rubuta kowane motsi ne a haɗe, ba ta faɗin abin da ya kawo shi, alhali kuwa ruwa ma yana motsa ƙasa.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta isa misali. Ruwan sama da dusar ƙanƙara kaya ne masu nauyi, sukan danne dutse a lokacin sanyi, idan sun tafi ya ɗago. A shekarar 2014 Adrian Borsa da abokan aikinsa suka nuna cewa farin da aka shiga ya raba yammacin Amurka da ruwa kimanin tan biliyan 240, har duwatsun Kalifoniya suka ɗago da milimita 15 a wasu wurare. A kwarin San Hwakin kuwa akasin haka ake gani, domin rijiyoyin burtsatse na manoma suna zuƙe ruwan ƙarƙashi, laka ta matse, ƙasa ta nitse. Kusa da garin Mendota ta nitse kusan mita 9 daga 1925 zuwa 1977. Watau rashin ruwa guda ɗaya ya ɗaga tudu, ya kuma nitsar da kwari, duk a maƙwabtaka da tsagar San Andiriyas mai haifar da girgizar ƙasa.

An saba ɗaukar motsin ruwa kamar ƙaiƙayi, a sheƙe shi a zubar. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce abin da damina ta danne rani zai ɗago, saboda haka idan aka haɗa awon shekara ɗungum sai su kashe juna. Wannan hujja tana tsayawa ne kawai idan shekaru sun yi kama da juna. Fari yakan jera shekara huɗu ko biyar, haƙar ruwa kuwa ta ɗauki shekaru gommai, sai motsinsu ya miƙe hanya ɗaya tamkar na falalen ƙasa. Binciken Colin Amos na 2014 ya danganta ɗagowar milimita 1 zuwa 3 a shekara da ake gani a kewayen kwarin da asarar ruwan ƙarƙashi, ya kuma nuna tana rage dannin da ke bisa tsagar. Wanda ya lissafa wannan ɗagowa a kason girgizar ƙasa ya ɓata ƙiyasin haɗarin da ake tsara gine-gine a kansa.

Abin da ya kamata shi ne a auna ruwan da kansa. Taurarin ɗan adam na GRACE, daga 2002 zuwa 2017, da magadansu tun 2018, suna auna nauyin ruwan yanki, sai dai ganinsu na faɗi ne, ba sa tantance ƙaramin kwari. Dole a haɗa da rajistar zurfin rijiyoyi da ta ruwan sama, a kuma bar na'urori su daɗe a mazauninsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masanin girgizar ƙasa yana bukatar littafin masanin ruwa, shi kuma masanin ruwa ya sami ma'aunin da ke gaya masa yawan abin da fari ya kwashe.