Wuƙar Aljihu Ta Shefil Da Yadda Za A Gane Shekarunta

Masu karatu, a wannan wata za mu duba wani ƙaramin abu wanda yakan kwanta a ƙasan akwatin tsofaffi, watau wuƙar aljihu mai naɗewa, irin ta Ingila. Akwai mutane a Turai da Amurka waɗanda tara waɗannan wuƙaƙe shi ne sha'awarsu, sukan kuwa biya kuɗi mai kauri a kan ta ƙwarai. Amma kafin a kai ga zancen kuɗi, sai mutum ya san abin da yake riƙe da shi.

Yawancinsu daga gari guda suka fito, Shefil, a arewacin Ingila. Garin maƙera ne tun da daɗewa. A 1624 majalisar ƙasar ta kafa wa maƙeran wuƙa ƙungiya, wadda take ba kowane maƙeri tambarinsa, ta rubuta a littafi don kada wani ya ɗauka. Saboda haka kowace wuƙa tana da shaidarta a jiki. A buɗe ta, a duba gindin ƙarfen, daidai inda ya shiga mariƙi. A nan ake buga suna da tambari. Rubutun ƙanana ne, in ido ya gaza sai a kira yaro ɗan makaranta ya karanta.

Tambari biyu sun fi suna. Na gidan Joseph Rodgers tauraro ne da wata alama mai reshe huɗu a gefensa. An fara rubuta shi a littafin ƙungiya a 1682, daga baya ya zama na wannan gida. Na George Wostenholm kuwa haruffa ne, I*XL, waɗanda in an faɗe su da Turanci ma'anarsu "ni ne na fi". Amurka ce babbar kasuwarsa.

To, suna kaɗai bai isa ba. Gidajen nan biyu sun haɗu a 1971, daga baya aka sayar da sunayensu ga wani kamfani wanda ya ci gaba da buga su a kan sababbin wuƙaƙe. Ga kuma masu jabu, gama tun ƙarni na 19 ake kwaikwayon tambarin Rodgers a wasu ƙasashe. A lura da rubutun sunan, kada harafi ɗaya ya ɓace.

Abin da ya fi taimako wajen ƙidayar shekaru shi ne kalmar ENGLAND. A 1890 Amurka ta yi doka cewa duk kayan da za a shigo da su sai an rubuta ƙasar da ta yi su, dokar ta fara aiki a 1891. Maƙeran Shefil suka soma ƙara sunan ƙasarsu a ƙarƙashin sunan garin. In an ga ENGLAND, wuƙar ba ta riga wannan lokaci ba. In babu, mai yiwuwa ta girme shi, amma ba lalle ba ne, gama wadda aka yi domin kasuwar gida ba ta bukatar kalmar.

Wasu suna da hoton kambin sarauta tsakanin haruffa biyu. V da R na Sarauniya Biktoriya ne, 1837 zuwa 1901. G da R sukan ruɗa mutum, domin akwai Sarki Joji na Huɗu, 1820 zuwa 1830, akwai kuma na Biyar wanda ya hau a 1910. A nan sai a haɗa shaida biyu: G R tare da ENGLAND ba na Joji na Huɗu ba ne. Kalmar STAINLESS kuma tana nuna ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Shefil a 1913. Duk wanda ya ce mana irin wannan wuƙa ta zamanin Biktoriya ce, sai mu yi masa godiya mu wuce.

Wadda muke tsammani za a fi samu a gidajenmu ita ce ta soja, musamman inda aka yi tsohon sojan Bama. Baƙin mariƙi gare ta, da abin buɗe gwangwani, wata kuma da tsinken ƙarfe mai kauri na kwance igiya. Ita ba ta da wuyar ganewa, sau da yawa akwai shekara a jiki, da alamar kan kibiya, shaidar kayan gwamnatin Ingila. An yi su da yawa ƙwarai, don haka ba su da tsada. A ganinmu ma ba ta sayarwa ba ce.

Sai mariƙi. Akwai na katako, na ƙaho, na ƙashi, da na hauren giwa, wanda Shefil ta sayi mai yawa daga Afirka. Ƙashi yana da 'yan ɗigo baƙaƙe, haure kuwa sumul yake, da siraran layuka masu gilma juna. Mai wuƙar haure ya yi hattara, gama tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, Ingila kuma ta ƙara tsananta dokarta a 2022.

Babbar hasara a gida ake yinta, da kyakkyawar niyya. Uwargida ta ga wuƙa ta yi baƙi, sai ta sa toka da yashi ta goge har ta yi ƙyalli, ko maigida ya miƙa wa mai wasa wuƙa ya ɗora a dutse. Nan take rubutun ya shafe, ƙarfen ya zaizaye, masu saye kuma ba sa son wadda aka goge. Baƙin nan na tsufa ba datti ba ne, a bar shi. In akwai jar tsatsa, a ɗiga man keken ɗinki, a bari ya kwana, a share da tsumma mai laushi. A ɗiga ɗigo ɗaya a mahaɗa, a buɗe a rufe a hankali. Kada a jiƙa mariƙin ƙashi ko na haure a ruwa, kada kuma a bar shi a rana, gama yakan tsage. Da damina a riƙa fito da ita daga akwati ana dubawa, ko sau ɗaya a wata.