Tsohon Sidi da Sabon Sidi: Da Wane Ma'auni Ake Auna Majefin Kurket?

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai ya san cewa lamba kaɗai ba ta faɗin daraja. A watan Yulin 2007 Ghana ta sake fasalin kuɗinta, tsohon sidi dubu goma ya koma sabon sidi ɗaya. Wanda ya ɗauko littafin cinikin 2005 ya jera shi da na bana, ya ce wancan ya fi riba don sifirinsa sun fi yawa, yaran shago ma dariya za su yi masa. To, irin wannan kuskuren ake tafkawa idan ana musun wane ne gwanin gwanaye a cikin majefan wasan kurket.

Kurket ba baƙo ba ne a ƙasar nan, ko da yake ƙwallon ƙafa ce ke mulkin hira a Nima da Maamobi. Tun 1904 'yan wasan Gold Coast ke karawa da na Legas, kuma a watan Maris na 2024 an buga kurket a Achimota cikin gasar Wasannin Afirka, inda Zimbabuwe ta kwashe zinare na maza da na mata. A wasan, majefi shi ne mai jefa ƙwallo domin ya fitar da mai dukanta, ko ya hana shi tara maki. Jifa shida ita ce zubi ɗaya.

A wasan gargajiya mai kwana biyar, majefi yana iya wuni yana jifa, yana haƙa wa abokin karawarsa rami sannu a hankali. A haka Sydney Barnes na Ingila ya fitar da mutum 189 a wasa 27 tsakanin 1901 da 1914, ana cin sa maki 16.43 kan kowane mutum guda. Sai dai a zamaninsa ba a rufe dandalin jifa idan ruwa ya sauka, ƙwallo ta riƙa tsalle yadda ta ga dama, kuma ƙasa biyu kacal ya taɓa fuskanta, Ostareliya da Afirka ta Kudu. Malcolm Marshall na West Indies ya fitar da 376 a kan maki 20.94, Muttiah Muralitharan na Siri Lanka kuwa ya kai 800 cif. Ko waɗannan ukun ma ba kuɗi iri ɗaya suka kashe ba.

Daga baya sai kasuwa ta shigo da nata tsarin. A 2003 aka fara gajeren wasa na T20 a Ingila, mai zubi ashirin ga kowane ɓangare, wanda ake gamawa cikin kimanin awa uku. A 2008 Indiya ta kafa gasar IPL, inda attajirai da kamfanoni ke mallakar ƙungiyoyi suna sayen 'yan wasa a gwanjo. A 2022 an sayar da haƙƙin nuna gasar na shekara biyar a kan fiye da dala biliyan shida. A Disamban 2023 ƙungiyar Kolkata ta sayi majefi Mitchell Starc a kan rupi miliyan 247.5.

Wannan kuɗi ya canza aikin majefi tun daga tushe. A T20 ba ya wuce zubi huɗu, wato jifa 24, kuma mai duka ba ya tsoron fita, don wasan gajere ne. 'Yan kallo dukan da ya tsallake fili suke biya su gani, shi ya sa a Afrilun 2024 ƙungiyar Hyderabad ta tara maki 287 a zubi ashirin. A irin wannan yanayi, majefin da aka ci shi maki bakwai a zubi ya yi abin yabo, alhali a wasan kwana biyar hakan abin kunya ne.

Saboda haka ma'auni na adalci shi ne a auna mutum da tsararrakinsa, a ga tazarar da ya ba waɗanda suka yi jifa a fili ɗaya da ƙa'ida ɗaya. Jasprit Bumrah na Indiya misali ne: a gasar duniya ta T20 ta 2024 ya fitar da mutum 15, ana cin sa maki 4.17 kawai a zubi, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Tazararsa da 'yan zamaninsa ita za a jera da tazarar Marshall da nasa. Farashin gwanjo kuwa bukatar mai saye yake nunawa a ranar, ba gwaninta ba.

Wani zai ce ai kasuwar alheri ce, kuma yana da gaskiya. Gajeren wasa ne ya buɗe wa ƙasashe irin su Ghana da Najeriya ƙofa, ya kuma azurta 'yan wasan da dā ba su da komai. Amma akwai abin tsoro. A Fabrairun 2024 Afirka ta Kudu ta tura 'yan wasa marasa gogewa zuwa wasan kwana biyar a New Zealand, domin manyanta suna gasar SA20, wadda masu ƙungiyoyin IPL ne suka mallaki dukkan ƙungiyoyinta shida. Idan haka ta ɗore, za a wayi gari babu majefin da ya san jifar wuni guda, musun ma ya mutu don babu sauran abin kwatantawa.

Zamani riga ne, kowa da tasa. Wajibi ne hukumomin wasan su keɓe wa wasan kwana biyar lokacin da gwanjo ba zai taɓa ba, mai musu kuma, kafin ya ɗaga murya da lamba, ya fara faɗin shekarar da aka rubuta ta da irin filin da aka same ta.