Duhun Arewa Na 2024 Da Darasin Na'urar Yanke Wuta

A al'adarmu, da zarar an ɗauke wuta sai mu tambayi yaushe za a dawo da ita. Ba kasafai muke tambayar abin da ya yanke ta ba, alhali nan ne gizo ke saƙar.

Mai karatu zai tuna da asubahin 21 ga Oktoba, 2024, lokacin da layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330 da ya taso daga Ugwuaji ta Jihar Inugu zuwa Apir ta Jihar Binuwai ya katse. Bayanin da kamfanin TCN ya bayar shi ne, layi ɗaya ya fara yankewa, nauyinsa ya koma kan ɗan'uwansa, cikin mintuna biyar shi ma ya bi sahu. Da aka gwada mayar da su, nan take suka sake yankewa. Da yake ɓarayi sun riga sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu.

Na'urar yanke wuta ta zamani sassa biyu gare ta. Akwai ƙwaƙwalwa mai auna yawan wutar da ke gudana da ƙarfinta a kowane lokaci, akwai kuma makunnin da ke raba layi idan ƙwaƙwalwar ta ba da umarni, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Saboda haka idan ta yanke, ɗayan uku ne: ko dai akwai lahani na gaske a kan layi, ko an saita ta ba daidai ba, ko kuma ita kanta ce ta samu matsala. Aikin injiniya shi ne rarrabe waɗannan ukun kafin ya sake kunnawa, kuma na'urar tana adana bayanin abin da ta gani domin taimaka masa.

A lamarin Ugwuaji na'urar gaskiya ta faɗa, domin daga bisani an tarar waya ce ta tsinke a dajin Igumale. Amma a Nuwamban 1965, kuskuren saiti ne a wata tashar lantarki da ke Ontariyo ta ƙasar Kanada ya jefa mutane kusan miliyan 30 cikin duhu a can da arewa maso gabashin Amurka. Alamar iri ɗaya ce, cutar ce daban.

Abin takaici, ko a gidajenmu idan na'urar ta cika yankewa, sai a kira mai gyara ya haɗa waya kai tsaye. An rufe bakin mai gargaɗi ke nan, an kuma buɗe wa gobara ƙofa.

Ra'ayina shi ne, bayan kowace babbar katsewa, wajibi ne hukumar NERC ta sa a fitar wa jama'a rahoton abin da na'urorin suka adana, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin gano lahanin. Haka kuma a riƙa gwada na'urorin tun wuta na nan, a kuma samar wa Arewa ƙarin hanyoyin da wuta za ta bi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya sa shugabanninmu su ji, su kuma gyara.